Ƙofa Ɗari Takwas

A daren da inabi ya cika tashar Valparaíso
tireloli sun yi layi har bayan tudu,
kowane direba da takardarsa,
kowace takarda tana ƙwanƙwasa rumbun bayanai.
Shi kuwa rumbun ƙofa ɗari da hamsin da ɗaya gare shi.
Wanda ya zo bayan nan, sai ya jira a waje.

Eliana Quilodrán ko jakarta ba ta sauke ba.
A tsaye ta buga layi guda:
ƙofofi su zama ɗari takwas,
yanzu, ba sai an kashe komai ba.
Na'ura ta ce to.
Ta taga muka ga fitilun motoci sun fara jan ciki.
Ta ce, Fermín, tuna mini gobe in sa a fayil.
Na ce to, ni ma.

Gobe ta zo da jirgi mai zuwa Rotterdam,
jibi da kwantenar da sanyinta ya mutu.
A watan Mayu Eliana ta tattara littattafanta,
ta koma Temuco jinyar mahaifinta,
ta bar mana kofi mai tsagaggen baki
da lambar nan tana yawo cikin ƙwaƙwalwar na'ura,
baƙuwar da ta daɗe har ana zaton 'yar gida ce.

Ita na'ura kunne biyu gare ta.
Ɗaya na jin abin da ka raɗa mata tana farke,
ta riƙe shi gam, muddin wuta na jikinta.
Ɗayan ba ya jin kowa sai fayil,
sau ɗaya tak, lokacin da take buɗe ido.

Cikin Yuli ƙasa ta girgiza, kaɗan,
irin wadda ba ta tashin kare daga barci.
Wuta ta ɗauke, janareto ya yi tari kafin ya kama.
Na'ura ta mutu ta taso cikin minti huɗu,
ta je ta tambayi fayil, wace ce ni?
Fayil ya faɗa mata abin da ya sani
tun shekara uku da suka wuce.
Babu wanda ya lura. Hunturu ne,
motoci goma sha ne a yini, ƙofofi sun isa har da ragi.

Sai da inabi ya sake nuna.
Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.
Ƙarfe biyun dare, odar motoci har bakin teku,
Don Aurelio na waya yana tambayar wa ya taɓa saiti.
Babu wanda ya taɓa, ranka ya daɗe.
Rashin taɓawar ce ma ta kashe mu.

Na buɗe fayil ɗin. Ga ɗari da hamsin da ɗaya
zaune inda aka bar ta, ko ƙura babu.
Can ƙasa kuma wani layi
da wani Ismael ya rubuta kafin a ɗauke ni aiki,
bai sake kunna na'ura ba, ya tafi abinsa.
Nasa ya kwana shekaru yana jira, ya farka a Yuli.
Nata ya yi wata biyar yana aiki, ya mutu a Yuli.

Na buga ɗari takwas ga kunnen da ke farke,
na sake bugawa ga kunnen da ke barci,
na sa kwanan wata, na sa dalili,
na sa sunanta, don lambarta ce.

Da asuba na kira Temuco.
Ta yi dariya, tsohon na tari a bayanta.
Ta ce, ba na ce ka tuna mini ba?
Na ce kin ce.
Ta ce, a ina ka rubuta?